Batir Sabo, Kik Gyararre, Amma Tifa Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Gano Laifin Wayarin a Manyan Motoci

A daminar da ta wuce, wata tifar yashi mai taya goma ta kwana uku a bakin layinmu a Malali, ta ɓangaren da ake gangarawa kogi. Direba zai murɗa makulli, ka ji "ƙas", injin ya yi nishi sau ɗaya kamar zai juya, sai kuma shiru. Ranar farko aka ce batir ne, mai motar ya aiko da sababbi guda biyu. Rana ta biyu aka ce to lallai kik ne, aka kwance shi aka kai gyara aka dawo da shi. Duk a banza. Kuma ka san duk yinin da tifa ta yi a tsaye, direba da yaron mota da masu lodin yashi babu wanda zai kai cefane gida.

Rana ta uku wani dattijo mai wayarin ya zo a kan babur, da 'yar jakarsa. Bai kwance komai ba. Ya ɗauko mita, ya dafa tsinke ɗaya a kan nagatif na batir, ɗayan ya dafa a jikin injin, ya ce wa direba, "Murɗa mu gani." Mitar da take nuna sifili ta yi tsalle ta kai bolt 6. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance noti ɗaya tak, wanda ya ɗaure wata kakkaurar waya da ta haɗa injin da casis, wato dogon ƙarfen nan da yake ɗauke da motar gaba ɗaya. Ƙarƙashin notin duk tsatsa ce da laka. Ya goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya mayar ya ɗaure tam. Bugu ɗaya mota ta tashi.

Na ce masa, "Baba, me ka gani?" Ya ce, "Ɗana, wuta tana zuwa, hanyar komawa ce ba ta samu ba." Ni da na shekara huɗu ina lissafin wutar lantarki a takarda, ban taɓa jin an taƙaita maganar haka ba. Bari mu warware ta, mai karatu, don abin da dattijon nan ya yi kimiyya ce tsantsa, kuma ita ce ta raba mai gano laifi da mai canje-canjen kaya har Allah Ya sa a dace.

Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa

Duk abin da yake amfani da wuta a mota, fitila ce ko hon ko kik, sai wutar ta fito daga fosatif na batir, ta ratsa shi, sannan ta koma nagatif. Masu ƙera mota ba sa jan waya biyu zuwa kowane abu. Waya ɗaya suke ja ta kai wutar, sai su bar ƙarfen motar ya zama hanyar komawa. Wannan hanyar ce masu wayarin suke kira "at". Ka ga ke nan rabin wayarin ɗin mota ba waya ba ne, ƙarfe ne da notuna, kuma shi ne rabin da aka fi mantawa da shi.

Abu uku ake aunawa. Akwai ƙarfin da yake tura wutar, ana auna shi da bolt. Akwai yawan wutar da take gudana, ana auna ta da amfiya. Sannan akwai turjiyar da hanya take yi wa wutar, ana auna ta da om. Wani Bajamushe, Georg Ohm, shi ya bayyana alaƙar ukun a 1827: bolt ɗin da ya zube a kan wata hanya daidai yake da amfiya sau om. A farkon shekarun 1840 kuma James Joule na Ingila ya nuna cewa wutar da ta zube a hanya ba ɓacewa take yi ba, zafi take zama.

To yanzu ɗauki tifar nan. Manyan motocin Turai irin su DAF da MAN da Iveco da Marsandi, da na China irin su Howo, batir biyu masu bolt 12 ake jerawa su ba da 24, "tuwanti-fo" in ji mutanen gareji. Yawancin na Amurka kuwa, irin su Mack, bolt 12 suke amfani da shi. Kik ɗin babban injin dizal yana jan ɗaruruwan amfiya a lokacin da yake juya injin. Mu ce 400. Idan tsatsar da ke ƙarƙashin notin nan ta kawo turjiyar om 0.015 kacal, abin da ba ka ma ɗauke shi a bakin komai ba, lissafin zai ba ka 400 sau 0.015, wato bolt 6. Ga su nan, su ne dattijon ya gani. Batir da kansu sukan sauko zuwa wajen 20 ko 21 in ana tayar da mota, ka cire 6, abin da ya rage wa kik bai wuce 15 ba. Ina zai iya juya injin tifa da wannan? Zafin kuwa, bolt 6 sau amfiya 400, wat 2,400 ke nan, ya fi na dutsen guga biyu, duk a kan noti ɗaya. Shi ya sa in mota ta ƙi tashi bayan an yi ta murɗa makulli, tsofaffin hannu sukan bi mahaɗar wayoyi suna taɓawa a hankali: inda ya yi zafi, nan ɓarawon yake.

Abin da ya yaudari mutanen farko

Ba wai waɗanda suka zo kafin dattijon ba su da mita ba ne. Sun auna batir sun ga 25 da 'yan kai, wanda shi ne daidai ga batir biyu cikakku, tunda kowane ɗaya yakan nuna kusan 12.6. Sun auna a bakin kik sun ga 25. Suka ce ai wuta na zuwa.

Mu mutanen Malali mun san ruwan famfo, ga matatar ruwa a unguwarmu. Ka ɗauka bututun gidanku ya toshe da ƙasa, saura 'yar kafa kamar ta allura. In famfo yana rufe, ruwa zai bi ta kafar nan a hankali har ya cika bututun, matsin da ke bakin famfo ya zama daidai da na babban layi. Wanda ya auna matsi a lokacin zai rantse lafiya lau. Buɗe famfon ka gani: tsartuwa ɗaya, sai ɗigo. Toshewar ba ta bayyana sai an nemi ruwa da yawa.

Haka mita take. Mitar zamani tana da turjiyar kusan om miliyan 10 a cikinta, don haka wutar da take ja a kan bolt 25 ba ta wuce kashi biyu da rabi cikin miliyan na amfiya ɗaya ba. Wannan ko ta cikin tsatsa zai wuce ba tare da wata asara ba. Ko wayar da silinta ɗaya ne ya rage cikin hamsin za ta nuna maka cikakken bolt. In ka juya mitar zuwa awon om ma ba ka tsira ba, domin wayoyin mitar kansu sun fi om 0.015 nesa ba kusa ba, ƙaramar mita ba za ta bambance ba.

Dabarar ita ce ka auna alhali wayar tana kan aiki, kuma ka auna tsakanin farkon hanya da ƙarshenta a ɓangare guda. Tsinke ɗaya a kan fosatif na batir, ɗaya a kan babban notin kik, a murɗa makulli. Sannan tsinke ɗaya a kan nagatif, ɗaya a jikin kik ko injin, a sake murɗawa. Hanya mai lafiya kusan sifili za ta nuna. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, in ka tara asarar ɓangarorin biyu, kada ta wuce bolt 1 a motar 24, ko rabin bolt a motar 12. In ta wuce, sai ka riƙa matso da tsinken mahaɗa bayan mahaɗa har ka ga inda lambar ta faɗi. Ka dafa tsinken a kan dalmar batir ɗin kanta fa, ba a kan maƙalin da ya kama ta ba, don sau da yawa laifin yana tsakanin su biyun ne, inda farin garin nan ko kore yake taruwa.

Akwai wata alama da take tafiya da lalacewar at. In babbar hanyar komawa ta toshe, wutar kik ba ta haƙura, sai ta nemi wata: siririyar wayar at ta dashbod, ko wayar totur, ko duk wani ƙarfe da ya haɗa injin da jikin mota. In ka ga wata siririyar baƙar waya ta narke ba dalili, kada ka tsaya a canza ta. Je ka duba babbar.

Fis ba shi ne mai laifi ba

Wannan na turjiya ke nan, shi ne mafi wuyar ganewa. Wayar da ta tsinke gaba ɗaya ta fi sauƙi. Fitilar gwaji ta isa, kuma kada ka fara daga kan mota kana bi taku-taku har wutsiya. Tirela ta haura mita 12. Gwada a tsakiya: in akwai wuta, laifin yana rabin baya, in babu yana rabin gaba. Sake raba wannan rabin biyu. Gwaji huɗu zai mayar da mita 16 ta zama mita 1.

Wanda yake ƙona mota shi ne haɗewar waya, abin da ake cewa shot. Robar waya ta goge a jikin ƙarfe, wuta ta samu gajeriyar hanya zuwa at ba tare da ta bi ta fitila ba. Turjiya ta koma kusan babu, amfiya ta hau sama, sai fis ya tsinke. To a nan ne ake tafka kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Fis ya mutu sau biyu, sai a sa mafi girma, ko a naɗa silin waya, ko takardar gwangwanin sigari. Fis fa ba fitila yake karewa ba, waya yake karewa. An zaɓe shi ne daidai kaurin wayar, don ya riga ta ƙonewa. Ka cire shi ka sa abin da ba ya tsinkewa, wayar ce za ta zama fis, kuma a cikin damin wayoyi take, kusa da tiyon dizal, a bayan dashbod inda ba ka gani. Batir ɗin tirela yana iya zuba ɗaruruwan amfiya cikin wayar da aka yi don goma sha biyar. Launin fis ɗin ma ba ado ba ne: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Hanyar gano shot ba tare da an ƙarar da kwalin fis ba tana da daɗi. Ka cire fis ɗin, ka jona kwan fitila na bolt 24, irin na birki mai wat 21, a gurbinsa. Muddin shot ɗin yana nan, kwan zai haska tar, kuma shi zai tare wutar kada ta wuce kusan amfiya ɗaya, don haka babu abin da zai ƙone. Sai ka bi layin kana cire soket ɗaya-ɗaya, kana girgiza damin wayoyi. Inda ka taɓa hasken ya dushe ko ya mutu, ka iso. Fara da wuraren da aka san su: inda waya ta ratsa huda a ƙarfe kuma robar bakin hudar ta fita, inda kan mota yake ɗagawa in za a duba inji, kusa da salansa, da kuma naɗaɗɗiyar wayar da ta haɗa kai da bodin tirela.

Wannan naɗaɗɗiyar wayar ta cancanci a tsaya a kanta. Ka taɓa bin tirela da dare ka ga direba ya sa sigina, amma duk fitilun baya suna ƙyaftawa tare, dishi-dishi? Ko ya taka birki fitilar gefe ta mutu? Ba aljanu ba ne, at ne. Fitilar sigina ta rasa hanyar komawa, sai wutar ta bi ta cikin kwan maƙwabciyarta ta koma ta baya. A soket mai baki bakwai na motocin Turai, farar waya ita ce ta at. In ta saki, bodin yakan dogara da maƙalin da ya haɗa shi da kan mota, wanda yake cike da giris, yau ya kama gobe ya saki. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya da dare, ya wuce ta Mararrabar Jos inda manyan motoci suke jibge, ya san abin da ake nufi da tirelar da ba ta da wutar baya. Ba ka ganinta sai ka zo dab. Gyaran kuwa sau da yawa bai wuce goge baki ɗaya na soket ba.

In kana duba takardar wayarin ta motar Turai, lambobin da ke jikin rile da makulli suna da ma'ana ɗaya ko'ina, bisa tsarin Jamus: 30 wuta kai-tsaye daga batir, 15 wutar da take zuwa bayan an buɗe makulli, 31 at, 50 layin da yake umartar kik. A rile, 85 da 86 su ne masu jan maganaɗisu, 87 mafita. Yaron da ya haddace waɗannan ya rage wa kansa wahalar shekara guda.

Wani abu da direbobi suke yi da kyakkyawar niyya: mota tuwanti-fo ce, rediyo ko cajar waya ko 'yar fanka kuma tuwal ce, sai a ja waya daga batir ɗaya. Yana aiki, shi ya sa ake yi. Amma altaneta ba ta san batir biyu ba ne, jimilla take gani, tana riƙe ta a wajen bolt 28. Wanda ake zuƙa kullum ba ya cika, ɗan'uwansa kuma caji yana yi masa yawa har ruwansa ya riƙa ƙafewa. Bayan 'yan watanni duka biyun sun tafi, a ce ai batir ɗin yanzu ba su da kyau. Akwai 'yar na'urar da take sauke 24 zuwa 12, kuma kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba.

Gyaran da zai kai wata damina

Yanayinmu ba ya raga wa waya. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa da laka, tifa kuma har bakin kogi take shiga. Hunturu ya zo da ƙurar da take shiga kowane soket, ta jira danshi ta zama taɓo. Zafin Maris da Afrilu ya busar da roba ta riƙa tsagewa. Ga girgizar hanya a kan komai. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da baƙin tef zai kai ka gida, ban musa ba, amma ruwa yana bin silin waya kamar yadda kananzir yake bin lagwani, bayan wata biyu ka feɗe ka ga jan ƙarfen ya koma baƙi ko kore. In ka ga haka, yanke har inda ya dawo ja mai sheƙi. A matse mahaɗar da maƙali da filaya ta matsewa, a sa robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, a ɗaure wayar kada ta yi lilo. Like da dalma yana da kyau wajen wucewar wuta, sai dai yana sandarar da waya, ta karye daidai inda dalmar ta ƙare in wurin yana girgiza.

Ka kuma kula da wayar da kake saya. Akwai wadda sama-sama ce kawai jan ƙarfe, cikinta gorar ruwa. Gorar ruwa kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe yake ɗauka take iya ɗauka a kauri ɗaya, ga saurin karyewa. Kankare sili ɗaya da wuƙa: in fari ya fito, ajiye ta. Ni a ganina tsohuwar wayar da aka ciro daga mushen mota a Panteka, in robarta ba ta bushe ba, ta fi irin wannan sabuwar.

Duk abin da na faɗa ya shafi tsohuwa da sabuwa, amma sababbin motoci sun zo da nasu. Tsohuwar Marsandi 911 in ta tashi, ko babu wuta injinta zai ci gaba da aiki, domin famfon manta na ƙarfe ne zalla. Motar yanzu kwamfuta ce take ba da mai, wadda ake kira birenbos, kuma ba ita kaɗai ba ce: ta inji, ta birki, ta giya, ta dashbod, duk suna magana da juna ta waya biyu da aka tufke. Sunan tsarin CAN, kamfanin Bosch ne ya fito da shi a 1986, manyan motoci kuma suna bin ƙa'idar da ake kira J1939. Wutar da ke kan waɗannan wayoyi wajen bolt 2.5 ce, saƙo ne ba ƙarfi ba. Wanda ya soka musu fitilar gwaji, ko ya ja wuta daga nan don na'urar bin diddigin mota, yana iya sa dashbod ya cika da jajayen fitilu, ko ya kashe abin da ya fi duk wayarin ɗin motar tsada. Gwajinsu mai sauƙi ne: a kashe mota a cire batir, a auna om tsakanin wayoyin biyu. Akwai turjiya mai om 120 a kowane ƙarshen layin, su biyun a haɗe suna ba da 60. Ka ga 120, layin ya tsinke ko ɗaya ta fita. Ka ga kusan sifili, wayoyin sun haɗe. Na'urar sikanin ma in ta ambaci wata sansa, da'irar take nufi gaba ɗaya, har da waya da soket da at, don haka a auna kafin a saya. Haka in za a yi walda a jikin irin wannan mota, a cire batir da soket ɗin birenbos, mai walda kuma ya kama at ɗinsa kusa da inda yake aiki.

Wajen cire batir, nagatif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Dalili: muddin nagatif yana haɗe, duk jikin motar at ne, sifanar da ta taɓa fosatif ta taɓa ƙarfe za ta yi walda a hannunka. A cire zobe da agogon ƙarfe. Batir da ke caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, saboda haka al'adar nan ta karta waya a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi ba ta da wuri kusa da shi, balle a jikin tankar fetur, ko da an ce babu kaya a ciki, tunda tururin da ya rage ya fi man kansa saurin kamawa.

Tifar layinmu dai har yanzu tana wucewa da asuba. Tsofaffin batiranta biyu da aka cire ranar farko, dattijon ya sa aka yi musu caji ya gwada su da lodi kafin ya tafi. Lafiyarsu ƙalau, suna cikin wata motar yanzu.